Yadda ake rubuta tarihin uwa mai bi da ta rasu, da yadda ake karanta shi a majami'a

Idan uwa ta rasu a gidan masu bi, kafin a gama shimfiɗa tabarmin zaman makoki Fasto ko wani dattijon ikilisiya zai tambaya wa zai rubuta tarihinta. Yawanci akan miƙa wa wanda ya fi kowa karatu a gidan, a ce gobe da safe ake so. Shi kuma ya zauna cikin dare da kumburarren ido, ya rubuta cewa marigayiya mai haƙuri ce, mai son mutane, mai tsoron Allah, ya ɗora Karin Magana sura 31 ta Littafi Mai Tsarki a kai ya rufe. Bai yi ƙarya ba. Sai dai takardar nan, da za a goge sunan a sa na wata, ba wanda zai ankara. Macen da ta yi shekara 40 ko 50 tana riƙe da gida ta wuce a yi mata haka.

Hanyar da ta fi tana cikin Ayyukan Manzanni sura 9. Da Tabita ta rasu a Yafa, matan da mazansu suka mutu sun kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka lokacin da take tare da su. Abin da hannunta ya yi suka ɗaga aka gani. Aikin mai rubuta tarihi shi ne ya nemo irin waɗannan riguna a rayuwar tasa mahaifiyar, ya ɗaga su a gaban jama'a.

Takarda biyu ake yi

A nan Maraɗi ba a daɗewa da gawa, balle a watan Afrilu da Mayu da zafi kan wuce digiri 40. Don haka kada a matsa wa kai cewa sai an gama cikakken tarihi kafin jana'iza. Ranar binnewa gajere ya isa: kalma 200 zuwa 250, wato karatun minti biyu zuwa biyu da rabi. Cikakken suna, inda aka haife ta, aure, baftisma, aikinta a ikilisiya, ranar rasuwa, waɗanda ta bari, da abu guda ɗaya da kowa ya san ta da shi. Shi ke nan.

Dogon tarihin na sujadar tunawa da godiya ne, wadda iyali za su sa wa rana daga baya. Shi ke bukatar mako uku zuwa huɗu na tambaya da rubutu, kuma a kansa yawancin bayanin nan yake. Wajen sa rana a duba lokacin da mutane za su iya zuwa. Dangin da ke ƙauyukan Tsibiri, Madarunfa, Gidan Rumji ko Agye ba sa barin gona daga shuka zuwa girbi, sai kaka ta wuce. 'Ya'yan da ke aiki a Yamai ko Damagaram, ko waɗanda ke hayin iyaka a Katsina da Kano, sun fi samuwa a kusa da Kirsimeti. Ikilisiyoyin bishara ba sa yin sadakar uku, bakwai da arba'in, ba sa kuma yi wa mamaci addu'ar neman gafara. Taronsu na gode wa Allah ne da ta'azantar da masu rai. A Katolika akwai yi wa mamaci hadaya, kuma tarihi ba ya maye gurbin wa'azi, Fada ne zai nuna inda za a karanta shi. Ko wace ikilisiya ce, a zauna da shugabanta tun kafin a gayyaci kowa.

A fara da takardu

A tara duk abin da ke da kwanan wata: katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, takardar aure, katin baftisma, katunan asibiti, takardar shaidar rasuwa, da takardun haihuwar 'ya'yanta. A buɗe Littafi Mai Tsarkinta a duba shafin farko da na ƙarshe, domin iyaye da yawa a nan suke rubuta ranakun haihuwa da na aure. A je wurin magatakardan ikilisiya a duba littafin baftisma da na aure. In ta yi ƙaura daga wata ikilisiya zuwa wata, littafin yana can inda aka yi mata baftisma, sai a aika.

Shekarar haihuwa ita ce ke fara kawo gardama. Iyayenmu da yawa an yi musu takarda ne bayan sun girma, an kintaci shekarar, shi ya sa za ka ga kalmar Faransanci "vers" a gabanta, ma'ana "wajen", ko ka ga 1 ga Janairu. Kada a kwafi wannan a buga shi kamar tabbas. A auna shi da abubuwan da tsofaffi ba sa mantawa: ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta sa garin Maraɗi ya hau tudu, samun 'yancin kai a 1960, fari da hawan Seyni Kountché mulki a 1974, yunwar 1984 da ake kira El-Buhari, karya darajar sefa a 1994. Ba a tambayar tsohuwa "a wace shekara", ana tambayarta ne: "Gwaggo, lokacin da aka samu 'yancin kai, Inna tana talla ne ko an kai ta ɗaki?" ko "A yunwar El-Buhari wa take goyo?" Daga nan sai a ɗauki shekarun ɗan fari, wanda galibi takardarsa ta fi tata inganci, a yi lissafi baya. Idan abin da aka samu ya tsaya tsakanin shekara biyu ko uku, a rubuta "an haife ta wajen shekarar kaza", a kuma ce "tana da shekara wajen kaza". Ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne yayarta ta miƙe a cikin taro ta ce an girmar da ƙanwarta a kanta.

Ranar rasuwa ma tana da nata tarko. A Hausa dare yana gaban yini, "daren Juma'a" shi ne daren da Alhamis ta wuce za a wayi gari Juma'a. Wanda ya yi karatun boko yana iya ɗaukarsa daren da ke bayan yinin Juma'a, sai a samu bambancin kwana guda tsakanin abin da aka buga da abin da ke takardar asibiti. A rubuta rana, kwanan wata da ƙarfe nawa, a gwada da takardar.

Sai suna. Mace ɗaya tana iya samun huɗu: sunan yanka, sunan rana irin su Ladi, Talatu, Lami ko Asabe, sunan da ta ɗauka a baftisma, da wanda unguwa ta san ta da shi, Maman wane ko wance mai ƙosai. A sa dukansu sau ɗaya a farko. Dangin ƙauye ba su san sunan baftisma ba, matasan ikilisiya ba su san na yanka ba, kowa kuwa yana so ya ji an kira wadda ya sani.

Zaman tambaya

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi yin kasala. Mutum shida zuwa takwas sun isa in an zaɓe su da kyau: mijinta, wata yaya ko ƙanwa da suka tashi tare, aminiyarta, babbar 'yarta, wani da ta riƙa, shugabar Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, ko wata daɗaɗɗiya a cikinsu, maƙwabciya, da wadda suka yi sana'a ko adashe tare. Kada a tsallake dangi da maƙwabta Musulmi. A gidaje da yawa su ne suka san ƙuruciyarta, kuma shaidar maƙwabciyar da suka yi shekara 30 katanga ɗaya tana da nauyin da ta 'yan gida ba ta da shi.

Kowa a zauna da shi shi kaɗai, minti 30 zuwa 45, da hantsi ko bayan la'asar. A tsakiyar zaman makoki ba a samun komai sai "ai wance ba ta da matsala", domin ba wanda zai saki baki a gaban mutane. Mutum biyu su je: ɗaya na tambaya, ɗaya na rubutu. A nemi izini a ɗauki murya da waya, a ajiye wayar kusa da mai magana kamar kamu ɗaya, nesa da fanka da turmi. A gwada minti ɗaya a saurara kafin a ci gaba.

A yi la'akari da kunya. Dattijo ba zai gaya wa 'yarsa ta fari yadda ya fara ganin mahaifiyarta ba, wataƙila ko sunan matar ba zai kama ba. A tura jika. Wasan da ke tsakanin kaka da jika yana buɗe bakin da ɗa ba zai iya buɗewa ba, kuma jika ce za ta iya cewa, "Tsoho, gaya mini gaskiya, kai ka fara magana ko aike ka yi?" ya yi dariya ya ba da labari. Haka taubashi ko abokin wasa yake a wurin tsofaffin mata.

Tambayar da ta fi kashe zance ita ce "wace irin mace ce?" Amsarta kullum ɗaya ce. A tambayi abin da ido ya gani, kunne ya ji. Ƙarfe nawa take tashi, me take fara yi? Wace waƙa take yi in tana daka ko shara? A wane gefe take zama a majami'a? Me take faɗa in yaro ya yi laifi? Da wane kuɗi ta biya wa yara makaranta: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, fura, ɗinki, albashin koyarwa ko na asibiti, ko jar akuya da take kiwo ta sayar in an koma makaranta? Tana da gamana, wato 'yar gonarta ta kanta, me take shukawa? Wa ya taɓa kwana a gidanta da ba danginta ba? Wace shekara ce ta fi mata wuya, me ta yi a cikinta? In mai magana ya ce "tana da kyauta", a ce masa, "Kawu, ba mu misali ɗaya." In ya yi shiru, a bar shi. Labari mai kyau yakan fito ne bayan shirun, mai tambaya mai gaggawa shi ke tare shi.

Game da bangaskiyarta, a nemi gaskiyar yadda abin ya faru. A gidan masu bi aka haife ta, ko daga baya ta karɓa? Wa ya koya mata karatu? Mishan ta SIM, wato ƙungiyar masu wa'azin bishara ta Sudan Interior Mission, ta fara aiki a Damagaram a 1924, ta zauna a Tsibiri, ta buɗe asibitin Galmi a 1950 da na Danja a 1956, kuma tsofaffin masu bi da yawa na wannan yanki labarinsu ya ratsa ɗaya daga cikin wuraren nan, ko makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye inda mata kan bi mazansu su ma su yi karatu. In nata ya ratsa can, a tambayi a wane matsayi: ɗaliba, ma'aikaciya, matar mai bishara, ko majinyaciya. A tambayi Zumuntar Mata wane muƙami ta riƙe da shekarun da ta yi a kai. Suna da littafinsu. Kada a ba ta muƙamin da ba ta riƙe ba. Wadda ta yi shekara 20 tana share majami'a kowace Asabar, a faɗi hakan da sunansa, ya ishe ta daraja.

Duk labarin da za a buga, a ji shi daga baki biyu. In biyu sun saɓa, a koma wurin wanda ya gani da idonsa, ko a bar shi.

Ƙidayar waɗanda ta bari

Wannan ɗan sakin layi ne, amma shi ya fi haddasa ɓacin rai. A ɗauki takarda a rubuta sunan kowane ɗa, a ƙarƙashinsa 'ya'yansa, a ƙarƙashinsu tattaɓa kunne, sannan a ƙirga. A ba babbar 'ya da wata gwaggo su duba. A tambayi maigidan ko yana so a ambaci 'ya'yan da suka riga ta, yawanci ana cewa "ta haifi kaza, kaza na raye". 'Ya'yan riƙo, 'ya'yan miji da ta yaye ko ta aurar, da waɗanda ta haifa a wani aure kafin wannan, duk a zauna a yanke yadda za a faɗe su tun kafin a buga. Wanda ta goya ta aurar, ya zo ya ji an ƙirga ba shi, ba ya mantawa. Kalmar "agola" kada ta shiga takardar. Wasu gidaje kuma ba sa son a faɗi adadin jikoki a bainar jama'a. In haka ne, "'ya'ya da jikoki da yawa" ya wadatar.

Rubutun kansa

Karatun Hausa a bayyane, a natse, yana cin kalma wajen 100 zuwa 110 a minti. Tarihin minti bakwai zuwa takwas kalma 750 zuwa 850 ke nan, kimanin shafi biyu. Abin da ya wuce minti goma, yara sun fara kuka, na waje sun fara hira. In an tara abin da ya fi haka, a sa cikakken a ɗan littafin da za a raba, a karanta taƙaitaccen.

Tsarin da ya fi sauƙin bi shi ne na rayuwar kanta: asali da ƙuruciya a taƙaice, aure da gida, sana'a, bangaskiya da hidima, kwanakin ƙarshe, waɗanda ta bari. Ba dole kowane kashi ya zo daidai da ɗan'uwansa ba. Inda labari ya yi kauri a tsaya, inda ba a san komai ba a wuce da jimla ɗaya. Daga dukan abin da aka ji a zaɓi labari uku, ko huɗu in ya yi yawa: ɗaya na cikin gida, ɗaya na ikilisiya, ɗaya na unguwa. Ga bambancin da ake nufi. Wani zai rubuta: "Mahaifiyarmu mace ce mai addu'a da karɓar baƙi." Wani kuma: "Kafin asuba muryarta ce ke tashe mu, tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya a gaban Allah, har da na surukai. Tukunyarta kullum da ragowar mutum biyu, ta ce na wanda Allah zai kawo ne." Na biyun shi ne zai sa 'yan Zumunta su gyaɗa kai. Misali ne kawai, kada a kwafa. A nemo na gidanku.

In akwai wata magana da ta saba faɗa, a sa ta yadda take faɗarta, da Hausarta ta Maraɗi ko ta Gobir, kada a gyara ta zuwa Hausar littafi. Jimloli su zama gajeru, waɗanda za a iya karantawa da numfashi ɗaya. A yanke shawara tun farko ko "mahaifiyarmu" za a ce ko "marigayiya", a tsaya a kan ɗaya.

Ba a son a mai da ita mala'ika. In mai faɗa ce, kowa ya sani, kuma ana iya faɗa cikin ladabi: ba ta ganin ba daidai ba ta yi shiru. Jama'a za su yi murmushi, su kuma yarda da sauran abin da aka faɗa. Amma akwai abubuwan da ba na lasifika ba ne: saɓanin aure, rikicin kishiya ko na dangin miji, maganar gado, bashi, zargin sammu, da ƙorafi a kan wani asibiti ko wani ɗa da bai zo jinya ba. Rashin lafiya jimla ɗaya ta ishe shi, "bayan jinya ta wata kaza". Sunan ciwon sai da yardar mijinta da 'ya'yanta, haka ma in ta taɓa jinyar kuturta a Danja. Wasu iyalai suna faɗa da godiya, wasu ba sa so, kuma hakkinsu ne.

In daga Musulunci ko daga al'adar Arna ta zo ga bin Almasihu, a faɗi hakan a fili, shaidarta ce. Sai dai a tuna 'yan'uwanta na zaune a wurin, sun bar aikinsu sun zo. "Ta ba da gaskiya ga Yesu Almasihu a shekara kaza, aka yi mata baftisma a wuri kaza" ya faɗi komai. Kalaman da za su muzanta iyayen da suka haife ta ba su ƙara mata komai, kuma zumuncin da ta yi shekaru tana riƙewa ana iya tsinka shi da jimla ɗaya. In sun ce "Allah ya jiƙanta", a karɓa da godiya; wurin gaisuwa ba wurin muhawara ba ne.

Aya da waƙa

Karin Magana 31:10-31 ta dace da uwa, shi ya sa kowa ke ɗaukarta. Kafin a ɗauka, a buɗe Littafinta a ga inda shafi ya yi duhu don yawan taɓawa, inda ta ja layi, inda ta sa tsinke ko takarda. Ayar da ta rayu da ita ta fi wadda aka zaɓa mata. In ba ta yi karatu ba, 'yan Zumunta sun san wadda ta haddace. In ba a samu ba, akwai 2 Timoti 1:5 a kan bangaskiyar kaka da uwa da ta sauka ga ɗa, Zabura 23, 1 Tasalonikawa 4:13-18, da Wahayi 14:13. Karatu biyu sun isa.

A kula da fassara. Littafi Mai Tsarki na Hausa cikakke ya fara fitowa a 1932, daga baya aka yi wasu fassarori, har sunayen littattafan sun bambanta: Misalai a wata, Karin Magana a wata, Yohanna a wata, Yahaya a wata. A ɗauki wadda ikilisiyar ke karantawa, a kwafi ayar daga littafin kai tsaye, kada daga ka, kuma mai karatu ya riƙe irin wadda aka buga. Waƙoƙi uku ko huɗu: a rubuta lamba da layin farko, domin ba kowa ke riƙe da bugu ɗaya ba. A ba Zumuntar Mata wurinsu na musamman, a sanar da su da mako biyu don su shirya.

Hoto da bugu

Hoto ɗaya mai kyau a bangon ɗan littafin, wanda fuskarta ta fito, tana cikin lafiya. Hoton gadon asibiti ko na gawa kada ya shiga takarda, kada ya hau Facebook. In tsohon hoto ne a cikin gilashi, a ciro shi, a shimfiɗa a inuwa da safe, a ɗauka da waya daga sama daidai, ba tare da walƙiyar kyamara ba. In ya manne da gilashin kada a ɓamɓare, zai yage. A ɗauka a haka a ɗan karkace don kauce wa ƙyalli. Wajen aikawa ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, domin in an tura shi a matsayin hoto ana rage masa inganci, ya fito dishi-dishi a bugu.

Ɗan littafin da aka saba yi takardar A4 ce a ninke biyu. Kowace takarda na ba da shafi huɗu, saboda haka adadin shafuka sai ya zama 4, 8 ko 12. Shafi 8 ya ishi yawancin iyalai: bango, tsarin sujada, tarihi shafi uku, waƙoƙi shafi biyu, godiya a baya. Kwafi 200 na shafi 8 takarda 400 ke nan, ƙunshi ɗaya mai 500 ya isa har da na ɓaci. A buga bango kaɗai da launi, ciki baƙi da fari, kuɗin zai sauka sosai. Ba kowa ake ba ba. Gida ɗaya kwafi ɗaya ko biyu.

Abin da ya fi lalata bugun Hausa shi ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ. A kwamfutar mai bugu suna iya komawa akwati ko alamar tambaya in ba ta da irin rubutun da aka yi amfani da shi. Maganinsa a mai da aikin PDF kafin a kai, a sa ya buga kwafi ɗaya, a zauna a karanta shi baƙi bayan baƙi kafin a ce ya ci gaba. Wanda bai rubuta ba shi ya kamata ya duba, musamman sunaye da kwanan wata, domin idon marubuci yana ganin abin da ya yi niyya ne. A kai aiki kwana huɗu kafin ranar, saboda wuta na iya ɗaukewa. In akwai baƙin da ba sa jin Hausa, a sa taƙaitawa ta rabin shafi da Faransanci. Fassara jimla bayan jimla a kan mumbari tana ninka lokaci biyu.

Ranar karatu

Mai karatu ba lalle ne ɗan fari ba, ba kuma lalle ne mai babbar takardar makaranta ba. Da yawa sun yi karatunsu da Faransanci, Hausa kuwa suna tuntuɓe a kanta. A nemi wanda ya saba karanta Littafi da Hausa a sujada, wanda kuma zai iya riƙe muryarsa. Jika babba, suruki ko ɗan'uwa sun fi 'yar da ta yi jinya iya kaiwa ƙarshe. A tsayar da mutum na biyu a gefensa da nasa kwafin yana bi da yatsa, in kuka ya ci ƙarfin na farko ya ɗora daga inda ya tsaya. Kuka ba laifi ba ne, Yesu ma ya yi a kabarin Li'azaru. A dakata, a sha ruwa, a ci gaba.

Kwafin mai karatu a buga shi dabam da manyan baƙaƙe, girman 16, a gefe ɗaya na takarda, da lambar shafi, a maƙale don iska. Ya karanta a bayyane sau uku a gida da agogo, sau ɗaya a gaban mijin marigayiyar. Wannan na ƙarshe wajibi ne. Dattijon bai kamata ya fara jin wani abu game da matarsa a tsakiyar jama'a ba, kuma in ya ce a cire wani abu, a cire. A majami'a a gwada lasifika tun kafin mutane su shigo, makirufo ya kasance kamar yatsu huɗu daga baki, a tanadi injin wuta da mai ko lasifika mai batir.

Sujadar gaba ɗaya awa ɗaya da rabi ta isa. Abin da ke ja ta zuwa awa uku shi ne buɗe fili a ce duk mai shaida ya fito. A zaɓi mutum uku tun da wuri, ɗaya daga dangi, ɗaya daga Zumuntar Mata, ɗaya daga unguwa, minti uku kowanne, a gaya musu abin da tarihi ya riga ya ɗauka don kada su maimaita. A fara da ƙarfe 8 ko 9 na safe a gama kafin rana ta take. A kauce wa lokacin sallar Juma'a, in kuma azumi ake yi a san da dangi Musulmi wajen rabon abinci, a ƙulla musu nasu su tafi da shi. Buhun shinkafa mai kilo 25 yana ciyar da mutum wajen 150 zuwa 170. Ruwa ya fi abinci muhimmanci, a ƙiyasta leda biyu zuwa uku ga kowa in da zafi. A yi gwargwadon abin da ke hannu, kada a bar dattijo da bashi a kan rashi.

Bayan an watse

A ware kwafi goma masu tsabta tun kafin a fara rabo, in ba haka ba za a nemi ko ɗaya a rasa. Ɗaya ga maigidan, ɗaya ga kowane ɗa, ɗaya ga magatakardan ikilisiya, ɗaya ga Zumuntar Mata. A sa su a leda a akwatin ƙarfe saboda gara da damshin damina. Muryoyin da aka ɗauka kada a bar su a waya ɗaya. A kwafe su a wuri biyu aƙalla, a rubuta sunan mai magana da ranar a kan kowane fayil. Tsofaffin da suka yi maganar su ma ba za su daɗe ba, wataƙila wannan ce kaɗai muryarsu da za ta rage. Abin da bai shiga ɗan littafin ba a rubuta shi a littafi guda a ajiye wa jikoki.

Littafi Mai Tsarkinta kuwa kowa zai so shi. Kafin a yanke wanda zai riƙe, a ɗauki hoton shafin da ta rubuta sunaye da duk inda ta ja layi, a tura wa dukan 'ya'yan. Muddin mijinta na raye, a bar littafin a ɗakinsa.